Ranar da Na Faɗa Kanal da Hotunan Ɗaurin Aure

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar, shekarar da makaranta ta tura ni sanin makamar aiki a wani shagon hoto a Kura. Mu uku ne: Oga Nafi'u mai shagon, ƙanwarsa Ladidi da ke shiga cikin gida ta ɗauki mata, sai ni. Aikina ɗaukar jaka da naɗe waya (amma in na koma gida sai in ce "yau mun ɗauki biki", kamar ni ne ogan).

Ranar mun je ɗaurin aure wani ƙauye bayan Bunkure. Zamanin kyamarar fim ne, abin da ka ɗauka ba ka ganinsa sai an kai Kano an wanke. Oga ya ɗauki liman, ya ɗauki waliyyai, har da kakan ango da aka fito da shi daga ɗaki da ƙyar don a haɗa shi da jikansa. Duk suna cikin fim ɗaya.

Bayan azahar sai ango, Sabi'u, ya ce shi a bakin kanal ɗin ban-ruwa yake son hotonsa da abokai, shinkafar gonarsa ta fito a bayansu. Muka ɗunguma. Muna isa kaset ɗin bidiyo ya ƙare, Oga ya rataya mini kyamarar hoto a wuya.

"Riƙe min in canja kaset. Riƙewa na ce fa, ba ɗauka ba."

Ga rana tana dukan mutane, ga samari cikin shadda suna gumi. Wani ya ce, "Mai hoto, ɗauke mu mana!" Wallahi ba a taɓa kirana mai hoto ba sai ranar. Ga kuma ƙawayen amarya sun fito kallo. Kaina ya kumbura. Na ɗaga kyamara.

Matsalar ita ce sun yi yawa, ba su shiga duka ba. Na ja da baya. Na ƙara ja. Sai na ji muryar Ladidi: "Ɗan makaranta, tsaya!" Na zaci cewa take in jira Oga, sai na ɗaga mata hannu irin na manya, na ce, "Ki bari, na san aikina." Na ƙara taku ɗaya, sai ƙafata ta taka iska.

Ranar an saki ruwa sosai. Ya kai mini ƙirji, ga ƙasan simintin santsi kamar kuɓewa, ruwan yana jana. Ban iya iyo ba. Abin da kawai na yi shi ne ɗaga kyamarar sama da hannu biyu, ina kiran sunan Allah, ina tuna kakan ango. In fim ɗin nan ya jiƙe, wa zai sake ɗaura aure don a ɗauka?

Oga ya dire bidiyo a ƙasa, ya kwanta rub-da-ciki a bakin kanal. "Miƙo ta! Cire igiyar daga wuyanka, miƙo!" Hannunsa bai kai ba. Ladidi ta ce da abokan ango, "Ku riƙe ƙafafunsa mana, kuna kallo!" Biyu suka riƙe shi, ya zuro rabin jikinsa, ya cafke kyamarar. Ya miƙa wa Ladidi, ta goge ta da gyalenta, ta naɗe fim ɗin ta cire.

Sai a lokacin aka tuna da ni. Ango da kansa ya miƙo mini gora, aka jawo ni, taɓo har kunne, takalmi ɗaya ya bi ruwa ya tafi garin Kadawa. Ƙawayen amarya kuwa har da masu durƙusawa don dariya.

Aka kai fim Kano. Da Oga ya dawo da hotuna, ya baje su a kan tebur: ga liman, ga kaka, komai garau. Na ƙarshen ne kawai nawa, sararin sama da gefen hular wani.

"Da ka ce wa Ladidi ta duba maka baya, da ka ɗauki hotonka lafiya," in ji Oga. "Ni ma ita ke duba min."

Ashe tun da ya sa sabon kaset bidiyon yake ta ɗauka, har bayan ya dire shi. Na roƙi a goge wurin, ango ya ce in an goge ba zai karɓi kaset ba. Har yau akwai gidan da in an yi baƙi ake kunna musu ni ina cewa "na san aikina". Tun daga ranar, in abokin aiki ya ce min tsaya, sai na tsaya tukuna nake tambayar dalili.