Ranar da Na Guje wa Tayoyin Motata

Ko zan manta komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na watsa taron ɗaurin aure a Galtimari da tayoyin mota ba. Kuma kafin wani ya fara ƙyalƙyala mini dariya, bari in faɗa tun yanzu: ban yi nadamar sayen tayoyin nan ba. Ko yau aka mayar da ni shagon, su zan nuna. Abin da ya biyo bayan sayen ne dai, to, wannan kam sai a hankali.

A shekarun da gari ya rikice ne, lokacin da aka katse layin waya, aka hana hawa babur, kowa yana rige-rigen shiga gida kafin dokar hana fita. Ni ɗan unguwar Fezzan ne a Maiduguri, iyayena Kanawa, amma a nan aka yanke mini cibiya. Sana'ata ɗauko wake da albasa daga ƙauyukan gefen gari, da wata tsohuwar a-kori-kura mai ruwan ƙasa da na gada a wurin yayana. Wata rana na kafe a yashi, la'asar ta yi sanyi, ba gida gaba ba gida baya, ina tonon ƙasa da hannu ina salati. Ko tsuntsu ya motsa a cikin sabara sai in ce shi ke nan, yaran daji masu bindiga sun iso. Da Allah ya fitar da ni, a nan na rantse ba zan sake shiga daji da siraran tayoyi ba.

Washegari na tafi Lamisula wurin wani mai sayar da tayoyin gwanjo. Ya mirgino mini iri uku. Ga wadda take daidai da motar, ga wadda ta ɗan fi ta faɗi, sannan ga wata ƙatuwa mai manyan haƙora da ta kusa kai mini ƙugu.

"Oga, ta tsakiyar nan ma ta ishe ka yashi," in ji shi. "Amma babbar, wallahi ko kogi ka shiga da ita sai ka fito."

Ai bai rufe baki ba na ce a ɗaura huɗu. Na san taya irin wannan sai an ɗaga mota, don kada ta riƙa gugar bakin bodi idan kaya sun danne ta. Na sani sarai, ba wai ban sani ba (shekara nawa ina tuƙi?). Sai dai na zagaya layin da motar babu kaya, na murɗe sitiyari hagu da dama, ko ƙis ban ji ba. Na ce ɗagawar ta jira sai wani lokaci, na kama hanya ina kallon masu Keke Napep ta sama kamar wani hakimi.

To, a lokacin akwai Falmata. Na daɗe ina nemanta, ita ta amince, mahaifiyarta ta amince, saura mahaifinta Ba Kyari. Mutum ne dogo, mai kwarjini, wanda ba a taɓa ganinsa babu babbar riga da hula zanna ba, ko da shara zai leƙa. Bai ce mini a'a ba, bai ce i ba. Idan na durƙusa na gaishe shi sai ya ce, "Wushe, ɗan Kano," ya ci gaba da jan carbinsa. Kuma na samu labarin akwai wani ma'aikacin banki da ya fara zirga-zirga a ƙofar gidan.

Da bikin yayarta Yagana ya zo, Falmata ta ce mini, "Wannan ce damarka. Kujeru da rumfuna ba su da mai ɗaukowa. Ka kawo su da wuri Baba ya ga amfaninka." Na bugi ƙirji na ce ta bar mini komai.

Yanzu ku tsaya ku ga yadda na shirya wa kaina. Damina ce, ranar jajibiri na dawo daga ƙauye, motar ta sha taɓo tun daga gilashi har lamba, ban samu wanke ta ba. Mai kujeru ya ɓata mana lokaci da safe. Muka lafta kujeru, muka ɗora buhunan shinkafa da aka ce in biya in ɗauko, ƙarafan rumfa kuwa sun fi bodin tsawo, sai muka jingina su a kan rufin mota, bakinsu yana kallon sama. Abokaina suka haye baya, kuma da yake salansar motar tana hayaƙi, duk suka ɗaure hanci da baki da hankici. Ba waya balle in kira in ce ga mu nan. Ni kuwa duk hankalina yana kan an makara, na take totur.

Mota mai ruwan ƙasa, shafe da taɓo, da ƙattin tayoyi, da ƙarfe a miƙe a sama, da samari masu rufaffiyar fuska, a guje, a Maiduguri, a wancan zamani. Ko jariri ya san motar su wa ke da wannan kama. Ni kaɗai ne ban sani ba, don ina ciki.

Na iso kwanar layinsu, maza sun cika ƙofar gida a kan tabarmi, liman ya zauna. Na murɗe sitiyari har ƙarshe. Nauyi ya danne motar, haƙoran taya suka kama bakin bodi.

Ta-ta-ta-ta-ta-ta!

Innalillahi! Kafin ƙiftawar ido wuri ya hautsine. Takalma, huluna, farantan goro, kowa ya kama gabansa. Na ga mutum da tumbi ya haye katanga ba tare da ya taɓa ta ba. Mata a cikin gida suka ɗauki ihu. Abokaina na baya suka dira suka ranta a na kare.

Ni kuma fa? Ga inda abin yake. Da na ji ƙarar, na ga jama'a na gudu, wallahi ban kawo tayoyina a rai ba. Cewa na yi an biyo ni a baya. Na ƙara taka totur, ƙarar ta ƙaru, na ce shi ke nan, ni suke harbi. Na ɓalle ƙofa na yi tsalle na bar mota tana tafiya, na mirgina, na afka cikin kwatar bakin layi. Ban faɗa kan ƙasa ba, kan mutum na faɗa, mai laushi, mai ƙanshin turaren wuta. Na danne kansa na ce, "Bawan Allah, kwanta! Sun zo, kada ka motsa!"

Motar ta gangara ta daki gindin dalbejiya ta mutu. Wuri ya yi tsit. Sai na ji murya daga ƙarƙashina, a hankali: "Ɗan Kano, ɗaga ni."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Samarin sintiri na unguwa suka iso da gorori, suka zagaye motar suna leƙe. Babbansu ya zaro ƙarfen rumfa ya jujjuya shi, ya ɗaga murya: "Motar wa ce wannan?" Na fito daga kwata, farar shaddata ta koma kalar miyar kuka, na ɗaga hannu kamar ɗan firamare. Suka ce ina bindigar? Na ce babu bindiga. Suka ce to ƙarar mece ce? Sai a lokacin idona ya kai kan bakin bodi, ya lanƙwashe, ya yi fes saboda guga. Aka tayar da motar, aka murɗe sitiyari, ta sake yin ta-ta-ta, har wasu da suka fara dawowa suka sake juyawa. Daga nan dariya ta ɓarke, aka sa ni tsallen kwaɗo daga dalbejiya zuwa ƙofar gida, Falmata tana leƙe ta taga, ma'aikacin banki yana tsaye yana kakkaɓe hularsa.

Amma ba kowa ya yi dariya ba. Akwai wata gwaggon su Falmata da ta gudo daga ƙauyensu ta zauna a gidan. An same ta a bayan randa ta rungume ɗan wata, ta kasa sakin yaron. Ita ta taɓa jin ƙarar ta gaske. Wannan ya fi tsallen kwaɗon yi mini ciwo, na je na durƙusa na ba ta haƙuri, kuma har yau idan na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Bayan an ɗaura aure (a kan tabarmi, don kujerun ba su sauka ba), aka kira ni zaure. Ba Kyari ya sake riga, yana zaune tsakanin 'yan uwansa. Wansa, wani tsoho mai kaifin baki, shi ya fara: "Yaro, in kana son ka sake taka ƙofar nan, ka cire waɗannan tayoyin na 'yan ta'adda yau ɗin nan."

Zuciyata ta ce in ce to. Bakina ya ƙi. Na ce, "Baba, laifi na yi, na karɓa. Zan ɗaga motar, zan wanke ta, zan yi mata fenti ko ruwan ɗorawa ne. Amma tayoyi suna nan. Ni nake shiga dajin nan, ba zan bari a tsince ni a yashi don a ce ina da ladabi ba. 'Yan ta'addan ne suka ɓata wa motar kirki suna, ba ni ba."

Na ce a raina, Falmata, sai wata rana, Allah ya ba mai banki haƙurin zama da ke.

Tsohon ya yi tsaki ya juya kan ƙaninsa. "Kai ma Kyari, duk girman rigar nan, yaya aka yi ka riga yara shiga kwata?"

Ba Kyari ya dakatar da carbi. Ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. "Ni na shiga? Ina tsaye ina ba mutane hanya, yaron nan ya ture ni ya rufe ni da jikinsa. Ko ba haka ba, ɗan Kano?"

Jama'a, mutumin nan na same shi a ciki ya riga ya gyara kwanciya, har hularsa ya cire ya rungume. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Baba. Ku yafe mini turewar."

"Na yafe," in ji shi. "Hankali dai ba shi da shi, amma yana da zuciya. Ka ce wa manyanka su zo."

Abin da na koya bai da yawa. Taya ana gwada ta ne da kaya a kan mota, ba fanko ba. Surukin mutum kuma idan ya ce "ko ba haka ba?", to haka ne. Falmata tana ɗakina, kuma duk wanda ya kai wannan labarin Galtimari zan ƙaryata shi a gaban kowa. Ni na ture shi.