Ruwan Tonka da Alwalar Alhaji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je birnin Lyon gaishe da Alhaji, mahaifin Ramatu, yarinyar da nake nema. Daga bakinsa nake jiran izinin turo magabatana, don haka na yi ta tunanin tsarabar da za ta burge shi.

Ramatu ta ce babanta ba ya cin abinci sai da yaji. Nan take na tuna da ruwan tonka da wani abokin karatuna ɗan tsibirin Hawai ya koya mini. Murna ta kama ni. Na ruga kasuwar Château Rouge na sayo ƙananan tonka masu zafi, na daddaka su da tafarnuwa da gishiri, na zuba ruwan tsami na binegar da tafasasshen ruwa, na ajiye ya tsumu. Don tsabar taka-tsantsan (halina ke nan, wataƙila ma ya yi yawa), na tace shi tas, kada ƙwaya ta maƙale wa dattijo a haƙori. Na juye a koriyar robar ruwan sha, saboda kwalba tana iya fashewa a jirgin ƙasa. Ruwan shana ma cikin irin wannan roba yake.

Alhaji da kansa ya tarbe ni a tasha, yana fama da mura. A hanya la'asar ta yi, ya tsaya da mota bakin wani lambu, ya tambaya ko akwai ruwa. Ga dama ta samu! Na zaro roba, na durƙusa irin na yaron kirki, ina zuba masa. Ya wanke hannu. Ya kurkure baki, ya shaƙa a hanci kusan lokaci guda.

Ashe robar ruwan tonka na zaro! Idanunsa suka kaɗa jajir, hawaye na zuba cikin gemu, atishawa na bin atishawa. Ni kuwa ina ta "Alhaji sannu, ina jin kamar na yi kuskure" (kamar fa na ce), na kasa ko miƙa masa ruwan gaskiya sai da ya nuna jakata da yatsa.

Bayan ya yi salla ya ja numfashi ta hanci, ya dube ni.

"Malam, murar ta tafi. Ka turo manyanka. Amma daga yau ni zan riƙa zuba wa kaina ruwa."

Tun ranar, in zan je gidan surukai, dabino nake kaiwa.