Ranar da Na Kai Goron Ladi

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a garin Anacha ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran ranakun duniya kaf. Jikokina sun sha jin labarin a bakin mutane, kowa da gishirin da yake ƙarawa, shi ya sa na ga gara in faɗa da bakina.

'Yan shekaru ne bayan an gama yaƙin basasa, mutanenmu sun fara komawa kudu da kaɗan-kaɗan. Ƙanin mahaifiyata, Kawu Ila, wanda ya daɗe a Anacha kafin rikici ya koro shi gida, yana cikin waɗanda suka fara komawa. Da ya ga abin ya zauna, sai ya aika aka taho da ni in taya shi sayar da albasa a Kasuwar Rilif. Lokacin ne kuɗin mai ya fara yawo a ƙasa. Ko'ina gini ake yi, manyan motoci sun cushe titin Afa Iweka, ɗan dako ma yana da rediyonsa. Ni ma na samu. Ina da ɗaki ɗaya, da akwatin ƙarfe, da agogon hannu mai walƙiya. Abin da na rasa kawai wadda zan ce wa "na dawo" idan na dawo. Shekarata ashirin da biyar, tuzuru fil, kuma 'yan matan Hausawa a unguwarmu ba su cika yatsun hannu ba, duk an yi musu miji.

Akwai wata dattijuwa da ke sayen albasa a wajena, ana ce mata Mama Ngozi. Tsohuwar nas ce, ta yi aiki shekaru da yawa a Jos, tana jin Hausa sosai, sai dai takan lanƙwasa ta yadda ta ga dama. Wata rana tana zaɓen albasa, ni kuma ina ta yi mata ƙorafi. Na ce ɓarayi sun farke mana buhu biyu a sito, ga ɗakina shiru kamar maƙabarta, mutum ya dawo ba mai ko kallonsa.

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Malam, kai Ladi kake buƙata."

Na ce, "Wace Ladi, Mama?"

"'Yar riƙona ce. Marainiya, ba ta da kowa. Mutanenta sun tafi sun bar ta a Fatakwal. Ni na ɗauko ta, amma ba zan iya riƙe ta har abada ba. Gidan kirki nake nema mata."

Ku yi mini adalci a nan. A shekarun nan ba abin mamaki ba ne a ce ga 'yar Hausawa da yaƙi ya raba da danginta, wata baiwar Allah ta riƙe ta. An sha jin irin haka. Kuma sunan Ladi dai sunanmu ne. To me kuke so tuzuru ya fahimta idan aka ce ana nema wa marainiya gida?

Na sunkuyar da kai, na ce, "Tana da hankali?"

"Hankali! Ba ta hayaniya ko kaɗan. Ga kunya. Idan baƙo ya zo sai ta ɓuya bayan labule. Amma in ta saba da kai, kullum za ka tarar da ita bakin ƙofa tana jiranka."

Na ƙara mata albasa gyara har sai da kwandonta ya kasa ɗauka.

Daga ranar na tashi daga mutanen duniya na koma mutanen mafarki. Idan an tashi kasuwa, maimakon in bi abokaina wajen mai shayi, sai in gangara bakin kogi in zauna a kan wani tsohon kwalekwale da aka kife. Damina ce, ruwan ya cika ya yi faɗi, hazo yana kwanciya a kansa da yamma har gada ta zama kamar a sama take rataye. A cikin hazon nan nake ganin Ladi. Wata rana doguwa ce, wata rana 'yar madaidaiciya, amma kullum da mayafi shuɗi, kullum tana kallon ƙasa. Ina ganin ta tana jera kwanukan sha a ɗakina, ta rataya labule mai furanni, tana tambayata yadda garinmu yake don ta manta Arewa. Ni kuma ina ba ta labarin rimin ƙofar gidanmu, da yadda gero yake kaɗawa idan ya yi kai. Har jirgin ƙasa na sa mu a ciki, tana barci a kafaɗata muna wuce Makurɗi. (Mun haifi 'ya'ya uku a kan kwalekwalen nan, duk na raɗa musu suna. Ba zan faɗi sunayen ba, don daga baya na yi amfani da biyu.)

Duk ranar da Mama Ngozi ta zo kasuwa sai in ɗan ƙara samun abin da zan kai bakin kogi. Ta ce idanun Ladi kamar zuma suke. Ta ce gashinta laushi gare shi, ita da kanta take taje mata. Ta ce ba ta son yaji amma tana son nama ƙwarai, sai na fara sayen balangu ina ba ta a takarda in ce a kai wa Ladi. Washegari ta ce, "Ta cinye tas, har takardar ta lasa." Na ce a raina, Allah sarki, maraici. Sau da yawa na so in tambayi shekarunta, kunya ta hana ni. Da na tambaya, da an ce mini uku, da duk abin da ya biyo baya bai faru ba.

Da na kasa haƙuri na sami Kawu bayan sallar azahar, na zayyana masa. Ya ce, "Ɗan nan, in dai 'yar Musulmi ce marainiya, ai wannan ba aure kaɗai ba ne, lada ne. Ka gan ta?" Na ce ban gan ta ba, kunya gare ta. Ya ce wannan ma alama ce mai kyau. Ya ce za mu je da amininsa Malam Buba, wani mai sayar da raguna, mutum mai ƙiba da son raha. Ni kuma na gaya wa Mama Ngozi ranar Lahadi zan zo da manyana a kan maganar Ladi. Ta ce, "Har da manya? Kai, Malam, lallai kai mutumin kirki ne."

Na kai wa tela shadda fara ya ɗinka mini babbar riga. Na sayi gado da katifa. Na sayi goro fari manya aka naɗe a ganye, da alawa. Kuma da yake bakina ba ya riƙe daɗi, kafin Juma'a duk unguwa ta ji, har matar mai gidan da nake haya, Iya Abu, ta fara ce mini ango.

Ranar Lahadi bayan la'asar muka ɗauki tasi. Tun daga bakin ƙofar gidan muka ji haushin karnuka ta baya, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kawu ya tattare rigarsa ya ce, "Ka ji inda 'yar mutane take zaune. Gara da Allah ya kawo mu."

Mama Ngozi ta shigar da mu falo, ta kawo lemo. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gajiya da ruwan sama. Sannan Kawu ya gyara murya, ya tura goron gabanta, ya ce mun zo ne a kan 'yar riƙonta, yaron nan ya nuna yana so, mu kuma mun shaide shi ba ya sha ba ya caca.

Ta kalli goron da mamaki, ta ce ita ba a taɓa kawo mata goro a kan irin wannan ba. Sannan ta juyo gare ni. "Amma sai na yi tambaya. Ina za ta riƙa kwana?"

Na ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na sayi sabon gado da katifa."

"Gado! A'a, Malam, kada ka ɓata ta. Buhu ya ishe ta, a baranda."

Kawu ya dubi Malam Buba. Malam Buba ya dubi silin.

"Kuma ba na son a ɗaure ta wuni guda. Ba na son duka."

Kawu ya ce, "Haba, Madam, wa zai ɗaure ta? Mu ba mu yin haka."

Malam Buba ya sa baki, "To ta iya girki kuwa?"

Mama Ngozi ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce wannan Malam akwai ban dariya. "Ci dai ta iya. Bari ku gan ta." Ta juya wajen labule ta yi kira, "Ladi! Ladi, zo ga baƙinki."

Na sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata. Na rufe ido. Na ji labule ya motsa. Na ji 'yan taku marasa nauyi a kan siminti, ƙyas-ƙyas-ƙyas, na ce a raina takalmi mai tsini ta sa. Takun ya matso, ya tsaya daidai gabana. Sai na ji wani abu mai ɗumi ya sauka a gwiwata, a kan sabuwar shaddata.

Na buɗe ido. Karya ce. Ja, mai dogon gashi, an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Ta ɗora haɓarta a gwiwata tana kallona, tana kaɗa wutsiya a hankali. Kuma wallahi Mama Ngozi ba ta yi ƙarya ba, idanun kamar zuma.

Kawu ya yi salati ya ɗane kujera da tsufansa, ƙafarsa ta ture goron ya watse a ƙasa. Malam Buba ya buɗe baki, sauti ya ƙi fita, sai tumbinsa kawai ke rawa, hawaye na zuba. Da ƙyar ya iya cewa, "Ango, ga amarya ta gane ka. Ƙanshin balangu ta ji."

Mama Ngozi ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta dubi goron, ta dubi babbar rigata, sannan ta dafe kai da hannu biyu. "Malam! Aure ka zo nema?" Ta zauna a ƙasa tana dariya har tana tari. Ta rantse ta ɗauka na sani, don duk layinsu uwar karnuka ake ce mata. Sunan kuma Turawan da suka bar ta ne suka sa mata wani mai kama da shi da turancinsu, ita kuma bakinta ya mai da shi Ladi.

Ni dai ina zaune, na kasa ko ture kan karyar daga gwiwata.

Da dariya ta lafa, sai ta goge ido ta ba mu labarin. Turawan kamfanin mai idan aikinsu ya ƙare sai su hau jirgi su bar karnukansu. Ƙaninta kuku ne a Fatakwal, shi ya tarar da wannan a ɗaure a gidan da aka kulle, ta yi kwanaki ba ci ba sha, igiya ta ci mata wuya. (Jan ƙyallen nan tabon yake rufewa.) Ita Mama Ngozi take karɓar irinsu ta yi musu magani, ta riƙe su har a sami mai so. Shida ne a gidan har da Ladi, kuma mai gidan da take haya ya ce ƙarshen wata ko su ko ita. Ta ce sauran suna da zafi, za su sami masu gadi, amma Ladi tsoro gare ta, ba mai ɗaukarta.

Kawu ya sauko daga kujera yana gyara hula. Malam Buba ya daɗe yana kallon karyar, sannan ya ce, "Ni garken ragunana ba mai faɗa nake nema ba, mai farkawa nake nema. Kare don tsaron dabba ai ba laifi. Akwai rumfa, akwai ƙashi wajen mahauta. Madam, in kin ba ni, na karɓa." Ya juyo gare ni. "Amma ango ne zai riƙe igiya."

Mai tasi ya ƙi ɗaukarmu da ita. Haka muka tako da ƙafa, ni a gaba cikin farar shadda da agogo mai walƙiya, ina jan Ladi, dattawa biyu a baya. Muna shiga unguwa muka tarar mutane a ƙofar gida suna jiran labari. Iya Abu ta leƙo ta ce, "Ango, an ba ka?" Malam Buba ya ɗaga murya yadda har masallaci za a ji, ya ce, "An ba shi, har mun taho da ita!" Kafin Iya Abu ta ga abin da ke ƙarshen igiya, ta riga ta rangaɗa guɗa.

Kwana uku ban je kasuwa ba. Da na fita, sunana ya riga ya zama Angon Ladi, kuma har yau akwai tsofaffi a Anacha da ba su san mini wani suna ba. Abin haushi, tunda kowa ya san ni da maganar, duk mai neman karen gadi sai ya zo rumfarmu, ni nake raka shi wajen Mama Ngozi. Kafin ƙarshen watan sauran biyar ɗin duk sun sami gida, biyu a wajen masu shanu, uku a wajen masu sito. Ladi kuwa ta yi ƙiba a garken Malam Buba, kuma ko daga nesa ta hango ni sai ta taso da gudu a gaban jama'a, abin da ya sa tsokanar ta ƙi mutuwa.

Bayan shekara biyu Kawu ya samo mini mata ta gaske daga Inugu. Da ya zo mini da maganar yana yaba hankalinta da kunyarta, sai na tsayar da shi na ce, "Kawu, kafin in je wajen tela, ƙafa nawa gare ta?" Tun daga ranar nan ta Lahadi na koyi cewa duk abin da aka yaba mini, in fara tambayar wannan kafin in sayi goro.