Gemun Zainab

Da 'yata Zainab ta dawo daga aikin fim a wani ƙauyen masunta na gaɓar tekun Scotland, ban tsaya tambayar wane aiki ta yi ba. Ranar da fim ɗin ya fito na gayyato mutanen masallacinmu na Tremont, falo ya cika.

Can sai aka nuno wani yana tafiya a bakin teku cikin doguwar rigar ruwa, ya ba mu baya. Na tsayar da fim ɗin, na miƙe.

"Ga ta nan! Tafiyar mahaifiyata ce sak. Ko cikin dubu zan gane jinina."

Aka yi ta Masha Allah, maƙwabcina Alhaji Sani har da ƙwalla. Na sake kunnawa, mai rigar ya juyo: dattijon Bature ne, jan gemu har ƙirji.

Zainab ta leƙo daga kicin. "Baba, ni fa sauti na ɗauka."

Na ce ai dama rugugin tekun nan ya fi komai daɗi a fim ɗin. Har gobe ina kan bakana.

Amma duk Juma'a sai Alhaji Sani ya riƙe hannuna: "Baban Zainab, ya gemun 'yarmu? An rage mata kuwa?"