Ranar da Na Girgiza Kwoi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin auren Anti Rifkatu ba. Ko na so in manta, mutanen Kwoi ba za su bar ni ba. Har yau in na sauka daga mota a garin, sai wani ɗan acaɓa ya kama hannun babur ɗinsa yana karkarwa da gangan, yana ihu, "Jama'a ku riƙe bango, ga shi nan ya iso!"

Bari in fara daga tushe. Yayana, Broda Ishaya, yana aiki a Abuja, a wani gidan motsa jiki inda masu hali ke zuwa da mota domin su yi gumi (mu a Kafanchan ɗibar ruwa ta ishe mu). Da ya zo hutun Kirsimeti, sai ya zo da wata baƙar jaka mai zif. Injin tausa ne a ciki. Kamarsa ɗaya da injin huda bango na kafintoci, sai dai a bakinsa akwai ƙwallon roba. Da ka danna maɓalli, ƙwallon zai hau naushin tsokarka, tatatatata, kamar ɗan damben da aka ƙwace wa budurwa. Broda ya ce idan mutum ya yi gudu ko ya ɗaga ƙarfe jikinsa ya ɗaure, wannan injin ne ke warware shi.

Na miƙa hannu zan taɓa, ya doke hannun.

"Na masu motsa jiki ne," in ji shi. "Kai abin da kake motsawa a gidan nan baki ne da cokali. In na ga hannunka a kai, da bel zan yi maka tausa."

Na haɗiye zagin, domin Broda ya yi mini alkawarin da zarar an gama auren zai tafi da ni Abuja in ƙarasa hutu. Ni kuwa na riga na gaya wa ajinmu kaf, har da masu gadi. Amma Momi ta kafa sharaɗi. A shekarar nan ta gaji da zuwa makarantarmu ba da haƙuri (maganar ƙadangare a aljihun tebur ɗin malamin lissafi, har gobe ina cewa shi ya shiga da kansa). Muna cikin mota za mu Kwoi ta juyo ta nuna ni da yatsa.

"Ka ji ni da kyau. Ka ba ni kunya guda ɗaya a garin uwata, a can zan bar ka wurin Kaka, ka tona citta har a koma makaranta."

Wanda bai taɓa tonon citta ba, ba zai gane girman wannan barazanar ba. Ka wuni a duƙe kana tono, ka ɗauko a ka, ka zauna kana tsaga ta da wuƙa, ka shanya, yaji yana cin yatsunka, kuma ka kuskura ka sosa ido ka ga wuta. Na ce, "Momi, ni fa na tuba." Kuma da gaske nake a lokacin.

Sai Shaiɗan ya zo ranar Juma'a cikin kayan ƙwallo. An haɗa wasa tsakanin abokan ango da dangin amarya, aka rasa mutum, aka sa ni. Na yi ta gudu inda ƙwallo ba ta nan. Sau ɗaya muka haɗu da ita, shi ma ita ce ta same ni a ƙeya ina kallon waje. Abin da nake kallo kuwa Naomi ce, 'yar shugaban mawaƙan coci, tana raba wa 'yan wasa ruwan leda. Da aka tashi na nufe ta ina ɗingishi kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

"Me ya same ka?" ta ce.

"Tsoka ce ta ɗaure. Mu 'yan wasa mun saba. In na je gida zan sa mata injina."

"Wane inji?"

"Na tausa. Daga Abuja. Ba za ki sani ba."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "'Yan Kafanchan da baki! Kawo gobe mu gani. In ba ka kawo ba, ƙarya ne."

Yanzu ku gaya mini, me za ku yi? Da safe Broda yana fama da ɗaura wa ango lakataye a wuya (shi ne babban abokin ango), na zare injin daga baƙar jakarsa, na jefa a jakar makarantata, na goya. Shirina mai sauƙi ne: in zauna a bencin baya, a tashi daga coci, in nuna wa Naomi a bayan bishiyar mangwaro, in mayar kafin a fara rabon shinkafa.

Muna shiga coci Momi ta kama kunnena. "Baya ina? Zo nan inda zan riƙa ganinka." Ta dasa ni a gefen Kaka, a tsakiyar bencin zumuntar mata, wato ƙungiyar matan coci. Ni kaɗai namiji cikin iyaye masu zane iri ɗaya. Bencin dogo ne, na tsohon katako, ƙafarsa ɗaya ba ta kai ƙasa sosai, kuma an matse shi da na gaba da na baya saboda cikar mutane. A ƙarƙashinsa sun jingine tulunan kiɗa da kacau-kacau, suna jiran lokacin waƙarsu.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da Kwoi. Shekarun baya ƙasa ta taɓa girgiza a garin. Da gaske, ba irin labarina ba. Bangaye suka tsage, mutane suka bar ɗakunansu suka koma kwana a waje. Kaka ba ta taɓa barin baƙo ya tafi bai ji labarin ba, kuma kowace shekara tsagar bangon tana ƙara faɗi. Mu jikoki dariya muke yi a ɓoye. Su kuwa da abin ya faru a ƙarƙashin ƙafarsu, ko babbar mota ce ta wuce da nauyi sai ka ga sun yi tsit suna kallon kwanon rufi.

Aka yi waƙa, aka yi wa'azi, aka zo wurin da fasto ke tambayar nan. Ya gyara tabarau ya ce, "Idan akwai wanda ya san wani dalilin da zai hana a haɗa waɗannan biyu, ya faɗa yanzu, ko ya yi shiru har abada."

Coci ya yi tsit. Ni kuma a daidai lokacin na hango Naomi cikin mawaƙa, ta ɗaga mini gira, wato ina injin? Sai na jingina da baya ina murmushin manya, in nuna mata cewa kayan na nan.

Jinginar ce ta danne maɓallin.

Tatatatatata! Ƙwallon robar ya sami katakon benci ya hau dukansa. Bencin ya ɗauka daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya miƙa wa na gaba, na gaba ya miƙa wa na gabansa. Littafi Mai Tsarki ya zame daga cinyar Kaka. Kacau-kacau suka fara kaɗa kansu, babu hannun kowa a kai. Tulu ɗaya ya mirgino fili.

Kaka ta damƙi cinyata da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Yesu Mai Ceto!" ta ƙwala. "Ya dawo! Girgizan ƙasa ya dawo!"

Jama'a, na ga abin al'ajabi. Kaka, wadda sai mutum biyu sun tallafa mata take hawa babur, ta tsallake benci kamar akuya. Zumuntar mata suka bi ta, ɗankwali na tashi sama. Waɗanda ke can baya, da ba su ji girgizar komai ba, su suka fi kowa gudu. Fasto ya ce, "'Yan'uwa, ku natsu, Ubangiji yana..." bai ƙarasa ba. Ta ƙofar gefe ya fita, ya manta makirfo na kunne a hannunsa, duk unguwa tana jin hakinsa ta lasifika. Ango kuwa, mutumin da ya zo yin alkawarin mutuwa ce kaɗai za ta raba, taga ya bi. Ko waiwayen amarya bai yi ba.

Ni fa? Na zura hannu baya cikin jaka ina lalube. Na sami maɓallin na danna. Maimakon ya mutu sai ya ƙara gudu. Na sake dannawa, ya ƙara. Ashe kowace dannawa giya ce kamar ta mota. Na kai shi giyar ƙarshe, haƙorana suna kaɗawa, idona yana ganin komai biyu-biyu. Kaka ta leƙo daga ƙofa tana ihu, "Fito, ɗan banza, ka mutu a nan ne?" Da ta ga ban motsa ba, sai ta ce, "To, Allah ya karɓe ka," ta ƙara gaba. (Na riƙe wannan a zuciya.)

Coci ya zama daga ni sai Anti Rifkatu, wadda doguwar riga da takalmi mai tsini suka hana gudu. Ta tsaya a gaban bagade, fure a hannu, tana kallon bencin da ke rawa shi kaɗai, da ni a kai. A waje kuma mutane sun fara lura cewa ƙasa lafiyarta ƙalau, awaki ma kiwonsu suke yi. Kawuna suka fara bayyana a tagogi.

Na ce bari in fito da shi in yi masa dabara. Hannuna jiƙe da gumi. Ina zaro shi ya kufce, ya faɗi a siminti, ya kama hanyar tsakiyar coci yana tsalle yana juyi, shi kaɗai, kamar mai kai baiko, wato sadakar coci. Duk Kwoi tana kallo ta taga.

Broda Ishaya ne ya shigo. Bai yi sauri ba. Ya sunkuya ya ɗauke shi, ya ɗora yatsa a kan maɓallin ya riƙe. Injin ya yi shiru.

"Riƙewa ake yi," ya ce mini a hankali. Da ya mare ni da ya fi.

Aka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman takalminsa, kowa yana cewa shi dama ya fita ne ya taimaki tsofaffi. Fasto ya hau, ya share gumi, ya sa na miƙe tsaye.

"Ɗana, mene ne wannan ka kawo gidan Ubangiji?"

"Injin tausa ne, sa."

"Na me?"

"Na... in mutum ya motsa jiki tsokarsa ta ɗaure, sa."

"To wane motsa jiki ka yi?"

Kafin in ƙirƙiro wani abu, murya ta fito daga cikin mawaƙa, tas kamar ƙararrawa. Naomi ce. "Ƙwallo ya buga jiya, sa. Sau ɗaya. Da ƙeya."

Dariyar da aka yi ta fi injin girgiza cocin. Har ango, wanda ya kamata ya ɓoye fuskarsa, yana dariya da ganye a kafaɗar kwat. Fasto ya sa aka zaunar da ni a ƙasa gaban bagade tare da 'yan makarantar Lahadi, ya maimaita tambayarsa daga farko, idonsa a kaina har ya gama. Da aka zo wurin alkawari, ango ya ce zai zauna da ita cikin daɗi da wuya, sai Anti Rifkatu ta matso da bakinta kusa da makirfo ta ce, "Har da girgizar ƙasa?" An ɗaura auren dai. Amma na ji har yanzu in suka yi faɗa, taga take nuna masa.

Momi ko hararata ba ta yi ba. A wurin cin abinci na ga ta buɗe but ɗin motar Broda, ta ciro jakar kayana, wadda na goge rigunan Abuja na jera a ciki, ta ajiye a gaban Kaka, ta koma ta ci gaba da cin shinkafarta.

Ban san akwai saura ba. Kaka ta ce gwiwarta ta bugu wurin tsallake benci, kuma abin da ya jawo ciwo shi zai yi magani. Ta sa hannu ta karɓe injin. Broda ya buɗe baki, ta ce, "Ni na haifi uwarka." Haka ya koma Abuja babu ƙane babu inji, kuma na san wanne ya fi yi masa zafi.

Sauran hutun, da rana ina duƙe a gonar citta. Da yamma kuma zumuntar mata su yi layi a tsakar gidan Kaka, matan da suka yi gudun ceton rai saboda injin nan, kowace ta juyo mini baya. "Sama kaɗan, ɗana. Yawwa, nan. Ƙara masa wuta." Karon farko a rayuwata tsokata ta ɗaure da gaske, tun daga wuya har agara, ga kuma maganin a hannuna. Amma duk ranar Allah, kafin layi ya zo kaina, batir ya mutu. Ni ne kuma mai kai shi shagon caji da ƙafa.

Fasto zai so in ce darasin shi ne kada ka taɓa kayan da ba naka ba. Na ji, na gode. Amma abin da ni na koya da jikina shi ne, duk abin da za ka kunna a duniyar nan, fara tambayar yadda ake kashe shi. Sannan in tsohuwa ta ce maka ƙafafunta sun gama aiki, ka tausaya mata, amma kada ka tsaya tsakaninta da ƙofa.