Fensirin Mai Girma

Yau da safe ina shan kofi a rumfar Bu Tumirah, sai maƙwabcina Wardoyo ɗan acaɓa ya taka min ƙafa da tayar babur. Bai ba ni haƙuri ba. Fensir ya miƙo min, rawaya, da sunan Mai Girma Uban Ilimin gundumarmu a jiki da ruwan zinariya.

Ya ce, "Baturen unguwa, kai da ka yi karatu inda ƙanƙara ke zuba, gwada min wannan."

Na ja layi a takardar da aka naɗo min soyayyiyar ayaba a ciki. Layin ya fito dishi-dishi, sai da na karkata kai na gan shi.

Sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, makarantun gundumarmu sun sha ƙasa. Cikin waɗanda suka faɗi har da Lastri, 'yar Wardoyo, mai son shiga makarantar koyon jinya, wadda ita ke koya wa 'yan ajinsu lissafi. Na'ura ce ke duba amsoshi, kuma rubutun fensir mai baƙi sosai kaɗai take gani. Kafin jarrabawa Mai Girma, Allah ya ƙara masa tausayi, ya zagaya makarantu da 'yan jarida ya raba wa kowane ɗalibi fensir. Har liman aka kira ya yi wa kwalayen fensiran addu'a.

Na ce, "To su wa suka ci?"

Bu Tumirah ta ce, "'Ya'yan 'yan adawa mana! Iyayensu suka hana su taɓa fensirin. Ɗan gidan Sarkam ɗan adawa, yaron da ko canji bai iya karɓa ba, shi ne na uku."

Mai Girma ya kafa kwamiti. Kwamiti ya tare a otal a bakin teku ya yi nazari, ya gano yaran zamani sun fiye kallon waya, malamai kuma ba su da kishi. Za a sake jarrabawa mako mai zuwa. Don hana maguɗi, ba mai shiga sai da fensirin hukuma.

Na ce a rubuta koke.

Wardoyo ya ce, "Yallaɓai, ka daɗe a waje. Kafin su amsa, Lastri ta yi jika."

Da rana ya sayi fensir na ƙwarai ya kai wa mai fentin babura. Aka shafe shi rawaya, aka zana sunan Mai Girma. Lastri ta gwada, baƙi wuluk. Yanzu layin iyaye a ƙofar mai fenti ya fi na gidan mai. A can waje an koya min cewa jabu ne ke kwaikwayon na ainihi. A nan sai na ainihi ya sa rigar jabu ake barinsa ya shiga.

Na ji Mai Girma zai tsaya takara bana. Sai ya gode wa Allah, domin a nan da ƙusa muke huda takardar ƙuri'a. Da da fensir ne, fensirinsa magoya bayansa za su riƙe.