Nomau Ya Nemi Waya a Santambul

A ƙauyen Tungar Ɗinya an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mahaukaci ba ne, ba kuma mugu ba. Cutarsa guda ce, duk abin da aka gaya masa haka zai ɗauke shi ɗungurungum, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya tsaya nan sai ka dawo, ko ruwa ake da ƙanƙara a nan za ka tarar da shi. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Tasalla mai tsohon ciki, da mahaifiyarsa Inna Yalwa. Mahaifinsa Malam Zubairu ya rasu bara waccan, kuma tun daga lokacin Inna ba ta da burin da ya wuce a haifa mata jika namiji a mayar da sunan mijinta. Sai dai ita matar da ce, ba ta kama sunan miji ko yana raye ko yana ƙasa, don haka abin ya tsaya mata a ƙirji.

Ana nan sai Alhaji Sahabi, ɗan garin da ke da shagon ɗaure wa 'yan kasuwa kaya a Santambul ta ƙasar Turkiyya, ya aiko yana neman mai ɗaukar dila. Wa zai samu wanda ya fi Nomau, mutumin da ba ya musu? Shi Alhajin nan, wasu filaye suke tarawa, wasu motoci, shi kuwa takwarori yake tarawa. In ka tsaya bakin rijiyar garin ka ƙwala kiran Sahabi, sai rabin yaran unguwa sun waiwayo. A faɗarsa bai taɓa roƙon kowa ya sa sunansa ba, mutane ne kawai ke ganin dacewar hakan, galibi bayan buhun shinkafa ya isa gidansu.

Ranar tafiya Inna ta kama hannun ɗanta ta ce, "In Allah ya sauke ta lafiya, kuma namiji ne, ka dai san abin da ke raina." Nomau ya ce, "To, Inna." Alhali bai san komai ba. Har jirgi ya sauka yana tunanin ko goro take so, ko sabon zane. Tasalla kuwa 'yar ƙaramar wayarta ta danƙa masa, ta ce, "In ka ga babu sabis, ka hau sama, kamar yadda muke yi a tsamiyar bakin kasuwa."

Wata rana, bai daɗe da sauka ba, ya ciro wayar zai kira gida, ya ga ko ɗigon sabis babu. Ba wanda ya gaya masa layin gida ba ya aiki a ƙasar mutane. Ya fita ya sami wata ƙatuwar bishiya a tsakiyar dandali, ya tuɓe takalmi ya ɗare. Reshen farko shiru, na biyu shiru, ya yi ta hawa har ya kai inda tsuntsaye ma ke shakka, ya miƙa hannu sama yana jujjuya waya. Jama'a suka taru a ƙasa, mata na salati cikin yarensu, an ɗauka baƙon nan duniya ce ta ishe shi. Kafin ka ce kwabo motar kashe gobara ta iso da doguwar matakala. Wani ma'aikaci ya hau yana lallashinsa da tattausar murya. Nomau ya dube shi da tausayi ya ce, "Kai ma kada ka wahalar da kanka, ɗan'uwa. Wallahi nan ma babu."

Da Alhaji ya karɓo shi daga hannun hukuma, ya wanke shi tas, ya tuna masa kuɗin jirgi, da katifar da ya ba shi, da shayin safe, da rigar sanyin da ya cire daga jikinsa ya ba shi. Wannan karatu kullum sai Alhaji ya biya shi, kamar wuridi. A ranar ce kuma aka bugo wa Alhaji daga gida cewa Tasalla ta sauka, an sami namiji. Liman ya ce ba zai raɗa suna ba sai ya ji daga bakin uban, in kuwa ba a same shi ba dattawa za su zaɓa, kuma kowa ya san shinkafar wa dattawan nan suke ci. Nomau ya ce, "Alhaji, ara mini wayarka mana." Alhaji ya dafe ƙirji. "A wayata? Don gobe a ce ni na tsaya a kanka? Ka nemi taka kafin ranar suna. Ni ba ruwana da abin da za ka faɗa."

Wata rana Alhaji ya nuna masa shagon kamfanin waya, ya ce, "Mutanen nan 'yan kasuwa ne na gaske. Kada ka yarda da kuɗin farko, ka taya. In sun ce albarka, ka juya kamar za ka tafi, kada ka waiwaya, su da kansu za su kira ka." Nomau ya shiga, wani saurayi mai ɗamara a wuya ya nuna masa farashi a jikin allo. Nomau ya girgiza kai, ya nuna rabi da hannu. Saurayin ya sake nuna allo. Nomau ya yi tsaki irin na masu sayen akuya, ya juya ya fita a hankali, kunnuwansa a baya. Ya wuce layin masu takalma, ba a kira ba. Ya wuce masallaci, ya wuce tashar jirgin ƙasa, yana cewa a ransa lallai mutanen nan akwai taurin ciniki. Bai tsaya ba sai da ƙasa ta ƙare, teku ta tare masa gaba. Nan ya tsaya ya ba wa birni baya har la'asar, yana jiran a ce ya kawo kuɗin.

A nan Hajiya Turai ta tsince shi, wata 'yar Damagaram mai dafa wa 'yan kasuwa tuwo, wadda ta daɗe a garin har tana faɗa da direbobi cikin yarensu. Da ta ji labarinsa ta yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma tausayinsa ya kama ta. Ta ce, "Gobe ni zan kai ka. Ka zo da fasfo."

Wata rana, wato kashegari, suka shiga shagon tare. Matar da ke kan tebur ta miƙo hannu tana neman fasfo. Ashe tun a filin jirgi Alhaji ya ce masa, "Fasfon nan ranka ne, kada hannun kowa ya taɓa shi." Nomau ya ja da baya har bakin ƙofa, ya kwance tsumman da ya ɗaure a ƙugu, ya buɗe fasfon daga can nesa, ya rufe maza-maza. Hajiya ta ce, "Kai, ba ta mana, hotonsa kawai za ta ɗauka!" Ya ce, "Hajiya, Alhaji cewa ya yi hannun kowa." Da ƙyar aka yi sulhu, matar ta sa safar hannu, Nomau ya riƙe kusurwa ɗaya bai saki ba, suna ja kamar masu rabon kilishi. Sai kuma aka tambayi inda yake zaune. Nan ya saki jiki, don wannan ya sani. "Gaya mata, in ta wuce mai gasa masara, ta yi hannun dama, za ta ga ƙofar da jar kyanwa ke kwanciya. In ba ta ga kyanwar ba ta ɗan jira, ba ta nisa." Hajiya ta dube shi, ta dubi matar, ta ba da adireshin shagon Alhaji.

Wata rana, ana jibi suna, ga waya sabuwa ga layi, Hajiya ta sa masa lambar sirri ta buɗe waya, ta ja kunnensa: "Wannan lambar, ko ni na tambaye ka kada ka faɗa. Kowa ya tambaya, ka hana." Da ya koma masauki ya kunna, sai ga wayar da kanta tana tambaya. Nomau ya yi murmushin wanda ya gano tarko. "Ke ma? Jiya-jiya muka haɗu." Ya danna mata lambar ƙarya. Ta sake tambaya, ya sake shara mata wata. Suka yi ta yi har ta gaji ta kulle kanta gaba ɗaya. Ya kai wa Hajiya yana alfahari. Hajiya ta ajiye muciya, ta yi salati, ta ce in da sayen haƙuri ake yi, da tuni ta karye a kan ɗan nan. Haka ta bar tuwo a kan wuta suka koma shagon, matar na hango su ta ciro safar hannu.

Ana gobe suna Alhaji ya kira shi gefe, ya zuba masa shayi da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Nomau, ni ba na sa baki a sha'anin iyali. Shawara ce kawai. In liman ya tambaye ka, kada ka yi gaggawa. Ka tuna mutumin da ya ciyar da kai, ya tufatar da kai, ya ɗora ka a kan sana'a, bai taɓa yi maka gori ba. Sunansa za ka faɗa." Nomau ya ce, "To, Alhaji." Alhaji ya koma ya buga waya gida ya ce a sayi rago mai ƙaho, a kuma tanadi maroƙi.

Da safe shagon ya cika da 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi, don Alhaji ya gayyato su shan shayi, wai haka kawai. Hajiya ta kira lambar liman, ta buɗe murya yadda kowa zai ji. Daga can ana jin hayaniyar ƙofar gida da kukan rago. Bayan an gaisa liman ya ce, "To Malam Nomau, wane suna ka zaɓa wa yaro?" Nomau bai yi gaggawa ba, don an ce kada ya yi. Ya ɗauki maganar Alhaji yana bin ta gaɓa-gaɓa. Wanda ya ciyar da shi. Ya tuna shekarar fari, da wani mutum ke tura masa nasa tuwon ya ce shi ya ƙoshi. Wanda ya tufatar da shi, ya ɗora shi a sana'a. Ya tuna hannun da ya kama nasa a kan ƙotar fartanya. Da ya zo kan gori, sai ya ɗaga kai ya dubi Alhaji, ya sauke. Shi kuwa Alhaji har ya fara miƙewa, ya ɗaga hannuwa biyu yana cewa, "Haba, haba, ni kuma? Ai da ba ka..."

Nomau ya ce, "Zubairu."

Guɗa ta ɓarke a cikin waya har sai da ta yi ƙara. Alhaji ya tsaya rabi a tsaye rabi a zaune. Liman ya ce, "Madalla da ɗan halak. Wa ya ba ka wannan shawara?" Nomau ya ce, "Alhaji ne, Allah gafarta Malam. Shi ya kwatanta mini shi tsaf, saura suna kawai." Nan 'yan kasuwa suka yi caa a kan Alhaji, wannan ya kama hannunsa, wancan ya rungume shi, ana cewa ga mutumin da ba ya son a san alherinsa, har da ragonsa don tunawa da mamaci. Daga can maroƙi ya kama yi masa kirari. Alhaji ya yi yaƙe, ya ce ai yi wa kai ne.

Sai hayaniyar ta ja baya, aka kai wayar cikin gida. Nomau ya ji numfashin da ya sani tun yana goye. Inna ce. Ya ji tana ce wa matan ɗaki, "Ku miƙo mini maigidana," daga nan muryarta ta karye, ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da gawar.

Hankalin Nomau ya tashi. Ya rufe bakin wayar da hannu, ya juya ga Hajiya Turai, idanunsa sun ciko. "Hajiya, Inna kuka take yi. Na sake ɓatawa ko?"

Hajiya ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce, "A'a, ɗan nan. Mayar da wayar kunnenka, ka bar ta ta gama."